Amsoshin Tambayoyinku: Yadda Ake Kare Abin da ke Cikin Faifan Kwamfuta

Wasiƙun da suka iso wannan fili a makonnin nan sun karkata ga abu guda, wato faifan da kwamfuta ke ajiye hotuna da takardu da lissafi a cikinsa. Na zaɓi biyar daga ciki, na kuma taƙaita su domin a samu wurin amsa.

Tambaya daga wani mai ɗaukar hoto a Garwa:

Assalamu alaikum, Malam. Ina da shagon ɗaukar hoto, kuma shekara shida ke nan ina ɗaukar hotunan biki da suna da na makarantu. Da kwamfutata ta cika, sai na sayi faifan waje mai cin terabait ɗaya, na kwashe tsofaffin hotunan na zuba a cikinsa, na goge su daga kwamfutar domin ta samu sarari. Faifan yana jone da ita dare da rana a shago. Wani abokina ya ce har yanzu ban yi komai ba. Shin gaskiya ya faɗa?

Amsa:

Wa alaikumus salam. Abokinka ya faɗi gaskiya, ɗan'uwa, ko da yake na san ba ita ka so ji ba. Abin da ka yi sauya wa hotunan ɗaki ne kawai. Jiya suna wuri ɗaya, yau ma suna wuri ɗaya, kuma sabon wurin ya fi tsohon hatsari, domin faifan waje ana ɗaukarsa, ana ajiyewa, ana taka wayarsa, yaron shago yana iya ture shi daga kan tebur. An gudu ba a tsira ba ke nan. Ba a cewa an adana abu sai yana da kwafi na biyu wanda zai rage idan na farko ya tafi, kuma wannan kwafi shi nake kira kwafin ko-ta-kwana.

Bari in faɗa maka abin da ke cikin wannan ƙaramin akwati, domin wanda ya san cikinsa ba zai sake amince masa shi kaɗai ba. A ciki akwai faifai mai sheƙi wanda aka shafe da sinadarin maganaɗisu, yana juyawa sau 5,400 a minti ɗaya, wato sau 90 a kowace daƙiƙa, wasu kuma sau 7,200 a minti. A samansa akwai wani ɗan hannu mai kai kamar allura, wanda ke rubutu da karatu ba tare da ya taɓa faifan ba. Yana shawagi ne a kan iskar da juyawar ke haifarwa, kuma ratar da ke tsakaninsu ta fi kaurin silin gashi ƙanƙanta sau dubbai. Idan akwatin ya faɗi ko ya bugu yayin da yake juyawa, allurar tana iya kartar faifan, kuma duk hoton da ke wurin da ta karta ya tafi. Tun da kamfanin IBM ya fitar da irinsa na farko a 1956, wanda girmansa ya kai na manyan firji amma bai ci fiye da kimanin megabait 5 ba, an ƙara masa ciki an rage masa jiki, amma har yau inji ne mai juyawa, kuma duk inji mai juyawa yana da ranar tsayawa.

Ƙasarmu kuma tana gaggauta wannan rana. Zafin Garwa a watannin Maris da Afrilu yana haura digiri 40 a inuwa, balle a shago mai rufin kwano. Ƙurar hunturu ba ta cika shiga cikin faifan kansa ba, amma tana toshe fankar kwamfuta da ƙofofin iskarta, sai zafi ya taru a ciki. Ga kuma wuta. Yawancin lantarkin arewacin Kamaru daga madatsar ruwa ta Lagdo yake fitowa, wadda aka kammala a 1982 a kan kogin Binuwai, kuma idan ruwa ya ja baya da rani, ɗaukewar wuta tana yawaita. Ɗaukewar wuta a tsakiyar rubutu tana lalata fayil, dawowarta da ƙarfi kuma tana iya ƙona kwamfuta tare da duk abin da ke jone da ita. Haka tsawa take yi da damina. To, faifan da ka bari a jone dare da rana, duk abin da ya sami kwamfutar zai same shi a lokaci guda, ko wuta ce, ko ɓarawo ne, ko cutar kwamfuta ce.

Masu wannan sana'a suna da wata ƙa'ida da suke kira 3-2-1, kuma wani mai ɗaukar hoto irinka ne ɗan Amurka, Peter Krogh, ya yaɗa ta. Ma'anarta ita ce duk abu mai muhimmanci ya kasance yana da kwafi uku, a kan ma'ajiya iri biyu, ɗaya daga ciki kuma a wani wuri dabam, nesa da sauran. A wurinka, hanyar da na fi ganin ta dace ita ce ka ƙara sayen faifan waje na biyu, ka kwafe duk abin da ke cikin na farko zuwa cikinsa yau ɗin nan, kafin ka ɗauki wani sabon hoto. Ka kai shi gida, ko gidan wani ɗan'uwa da ka amince da shi a wata unguwa. Wanda ya ga ambaliyar Binuwai ta 2012, ko ya taɓa ganin gobarar kasuwa tana cin layi guda na shaguna cikin dare, ya san dalilin da ya sa na ce wata unguwa. Duk ranar Juma'a, ko duk ranar da ka gama babban aiki, ka kawo na gidan ka zuba masa sababbin hotuna, ka mayar da shi. Kada faifan biyu su kwana ɗaki ɗaya. Kwafi na uku kuwa, tun da hotunan shekara shida sun fi ƙarfin datar da za ka iya saya, ka zaɓi waɗanda ka riga ka gyara ka bai wa masu su, ka ɗora su a intanet a hankali.

Na san za ka ce kuɗin faifai na biyu ba kaɗan ba ne. Ka auna shi da ranar da wata amarya za ta dawo bayan shekara uku tana neman hoton mahaifinta da ya rasu, wanda ka ɗauka ranar ɗaurin aurenta.

Akwai wani kuskure da ya zama ruwan dare wanda ya kamata in ambata. Masu gyara sukan raba faifan kwamfuta gida biyu, C da D, su ce a riƙa ajiye abubuwa a D domin ko an sake loda Windows ba za su ɓace ba. Wannan gaskiya ne game da sake lodi, amma C da D ɗakuna biyu ne a gida ɗaya. Idan faifan ya mutu, tare suke tafiya.

Game da yadda za ka kwafa, kana iya ja da hannu, amma hannu yana mantuwa. Tun daga Windows 8 da ta fito a 2012 akwai wani tsari a cikinta mai suna File History, wanda ke kwafe abin da ya sauya zuwa faifan waje, yana kuma riƙe tsofaffin siffofin fayil, ta yadda idan ka ɓata hoto wajen gyara za ka iya komawa ga na jiya. Sai dai ka lura, manyan foldojin mai kwamfutar yake bi, kamar ta hotuna da ta takardu, don haka idan ayyukanka suna wani wuri sai ka nuna masa. Masu kwamfutar Apple suna da Time Machine tun 2007. Idan ka gama, ka umarci kwamfutar ta saki faifan kafin ka zare wayar, ka sa shi a jakarsa, kada ka bar shi a rana ko a ƙarƙashin kujerar babur.

Abu na ƙarshe shi ne wanda kusan kowa ke tsallakewa, kuma ni ma ya taɓa cizona. Na yi shekaru ina da faifai a aljihun tebur, hankalina kwance. Ranar da kwamfutata ta ƙi tashi, na jona shi a ta wani abokin aiki, sai na tarar kwafin ƙarshe da ke ciki ya yi wata takwas, alhali da an tambaye ni da na rantse bai wuce mako uku ba. Tun daga ranar nake liƙa takarda a jikin faifan ina rubuta ranar da na yi kwafi. Kai ma ka yi haka, kuma sau ɗaya a wata ka jona shi a wata kwamfutar dabam, ka buɗe hotuna goma ko ashirin daga shekaru dabam-dabam. Gani ya kori ji. Ganin sunan fayil a jere ba ya nuna cewa fayil ɗin zai buɗe.

Tambaya daga wata ɗaliba a Jami'ar Ngaundere:

Malam, barka da aiki. Ina rubuta kundin kammala karatuna, kuma a filashi nake ajiye shi domin kwamfutar ta yayana ce. Na kai filashin shagon buga takardu, da na dawo sai na ga duk foldojina sun koma wasu alamomi masu 'yar kibiya. Na yi kuka ranar. Shin aikin nawa ya tafi ke nan? An kuma ce in riƙa ajiyewa a intanet, amma data tana da tsada.

Amsa:

Ki share hawayenki, ƙanwata, domin akwai kyakkyawan zato cewa aikinki yana nan. Wannan cuta sananniya ce a shagunan buga takardu, inda filashi ɗari ke shiga kwamfuta ɗaya a yini. Yawanci ba ta goge komai. Ɓoye foldojin gaskiya take yi, ta ajiye alamomin ƙarya masu sunansu, kuma duk wanda ya danna alamar ya buɗe wa cutar ƙofar shiga kwamfutarsa. Saboda haka kada ki danna su, kada kuma ki yarda wani ya yi wa filashin fomat, wato ya share duk abin da ke cikinsa. Ki kai wa wanda ya san aiki, mai kwamfutar da ke da manhajar kashe cuta ta zamani. Zai wanke cutar, sannan ya bayyana ɓoyayyun foldojin da wani umarni na Windows mai suna attrib, aikin da ba ya cin minti goma. Idan ke ko yayanki kun riga kun danna, kwamfutarsa ma tana bukatar wanki.

Amma ki ji wannan da kyau. Filashi, wanda mutanenmu da dama ke kira kile, jakar kai saƙo ce. Ba rumbu ba ne. Yana ɓacewa, yana karyewa a bakin kwamfuta, ana wanke shi cikin aljihun riga, kuma idan zai mutu ba ya sallama. Ga kuma jabu da suka cika kasuwa, waɗanda aka sauya wa ƙwaƙwalwa domin su ce suna cin gigabait 128 ko fiye, alhali cikinsu bai kai kashi ɗaya cikin goma na hakan ba. Irin wannan yana karɓar duk abin da aka zuba masa ba tare da ƙorafi ba, sunayen fayiloli suna nan reras, sai ranar buɗewa a tarar babu komai. Araha ba ta ado. Akwai wata ƙaramar manhaja ta kyauta mai suna H2testw da ke cika sabon filashi da bayanai ta sake karanta su domin ta gano ainihin cikinsa, kuma ya kamata a yi wannan gwaji tun yana fanko.

Batun tsadar data kuwa, ina ganin kin ji tsoron abin da bai kai ba. Kundi mai shafi ɗari, idan ba a cika shi da hotuna ba, sau da yawa ba ya kai megabait biyu, wato bai kai ɗan gajeren bidiyon da ƙawa ke turo miki a WhatsApp ba. Duk mai adireshin Gmail yana da gigabait 15 kyauta a wurin Google, wanda ake rabawa tsakanin wasiƙu da hotuna da Google Drive. OneDrive na Microsoft yana ba da gigabait 5. Hanya mafi sauƙi ita ce duk daren da kika yi rubutu, ki adana kundin da sabon suna mai ɗauke da kwanan wata, ki aika wa kanki shi ta imel. Kada ki riƙa danne na jiya da na yau, domin ranar da babi na uku ya lalace, na jiyan ne zai cece ki.

Akwai bambanci da ya kamata ki sani tsakanin ajiya da daidaitawa. Idan aka saita Google Drive ko OneDrive su riƙa daidaita folda da abin da ke intanet, to kamar madubi suke aiki, duk abin da kika goge a nan zai gogu a can, duk abin da ya lalace a nan lalatacce zai hau. Suna riƙe abin da aka goge a kwandon shara na kwana 30, bayan nan ya wuce. Sannan asusun kansa yana iya kufce miki. Ɗalibai da yawa suna buɗe asusu da lambar waya, su bar layin ya mutu, su manta kalmar sirri, ranar bukata kuma a rasa inda za a turo musu lambar tabbatarwa. Google ya kuma sanar cewa daga Disamban 2023 yana iya goge asusun da aka yi shekara biyu ba a taɓa shi ba. Kada kuma ki ɗauka cewa abin da ke intanet a sama yake rataye. Kwamfutoci ne na wasu a cikin gine-gine. A ranar 10 ga Maris 2021 gobara ta cinye ɗaya daga cikin gine-ginen ajiyar bayanai na kamfanin OVH a birnin Strasbourg na Faransa, miliyoyin shafukan intanet suka ɗauke, kuma wasu da ba su da kwafi a wani wuri ba su sake ganin bayanansu ba. Saboda haka kwafi ɗaya a kwamfutar yayanki, ɗaya a imel, ɗaya a filashin da ba ya fita daga ɗakinki. Idan za ki buga, ki mayar da kundin PDF ki kai shi a wani filashi dabam wanda ba za ki yi kuka a kansa ba.

Tambaya daga wani ɗan kasuwa a Injamena:

Malam, ina sayar da kayan masarufi a sari. Ɗan ƙanena ne ke riƙe mini lissafi a kwamfuta, har da sunayen waɗanda nake bi bashi da waɗanda ke bina. Ya ce mu ajiye kwafi a wani gida, ni kuwa ba na son sirrin kasuwancina ya faɗa hannun kowa. Ina mafita?

Amsa:

Allah ya ƙara buɗi, Alhaji. Yaron nan ya ba ka shawara mai kyau, kuma kai ma damuwarka tana kan hanya. Mutumin Injamena ba ya bukatar a yi masa dogon bayani a kan ajiye kwafi a wani wuri, bayan abin da kogunan Shari da Logon suka yi a Oktoban 2022, lokacin da ruwa ya mamaye unguwanni irin su Waliya, ya kuma sake dawowa a 2024. Kaya idan ruwa ya ci ana iya sake sarowa, amma littafin bashi idan ya tafi, sai abin da mai gaskiya ya kawo da kansa.

Mafitar ita ce a kulle faifan da kalmar sirri ta hanyar da ke rikita duk abin da ke cikinsa, ta yadda ko an sace shi, ko an kwance shi an jona a wata kwamfutar, ba za a ga komai ba sai shirme. Wannan ya bambanta da kalmar sirrin buɗe kwamfuta, wadda duk mai gyara ya san yadda ake kewaye ta. Windows nau'in Pro tana da BitLocker da ke kulle faifan waje. Idan taku nau'in Home ce, akwai VeraCrypt, wadda kyauta ce kuma tana aiki a Windows da Mac da Linux. Da zarar an kulle, ka ajiye faifan a gidan wanda ka ga dama, domin dutse ne a hannunsa.

Sai dai makullin ba ya sanin mai gida. Idan kalmar sirrin ta ɓace, faifan ya zama dutse a hannunka kai ma, kuma babu injiniyan da zai buɗe shi. BitLocker yana ba da lambar ceto mai alƙaluma 48 a ranar da aka kulle. A rubuta ta a takarda, da ita da kalmar sirrin, ka ajiye su inda kake ajiye takardun gida da na fili, ba a jaka ɗaya da faifan ba. Kada kuma ya zama yaron ne kaɗai ya sani. Yau yana tare da kai, gobe karatu ko aure ko saɓani na iya raba ku. Kuma ranka ya daɗe, tun da maganar bashi ce, rai na hannun Allah, ya kamata a samu mutum ɗaya cikin iyalinka da ya san inda takardar take, domin magada su san abin da za su karɓa da abin da za su biya.

Akwai wani dalilin da ya sa nake so faifan ya riƙa zama a zare. Akwai ɓarayin da ke garkuwa da bayanai. Suna turo cuta ta wasiƙa ko ta manhajar sata, ta kulle duk fayilolin kwamfuta, sannan su nemi kuɗin fansa. A watan Mayun 2017 wata mai suna WannaCry ta kama kwamfutoci sama da 200,000 a ƙasashe kusan 150, har asibitocin Ingila suka riƙa mayar da marasa lafiya gida. Irin wannan cuta tana bin duk faifan da ta tarar a jone kuma a buɗe, ta kulle shi shi ma. Wanda ke cikin akwati a wata unguwa ne kaɗai ba ta iya kaiwa gare shi.

Ka gaya wa yaron abu biyu. Na farko, ya rufe manhajar lissafin kafin ya kwafi fayil ɗinta, ko ya yi amfani da hanyar fitar da kwafi da ke cikinta, domin fayil ɗin da aka kwafa ana tsakiyar aiki da shi yana iya ƙin buɗewa. Na biyu, bayan kwafin fayiloli na kowane mako, ya riƙa ɗaukar hoton faifan gaba ɗaya sau ɗaya a 'yan watanni, wato Windows da manhajoji da saitinsu duka, da manhaja irin Clonezilla ta kyauta. Da wannan, idan faifan kwamfutar ya mutu ranar Litinin, ana iya sa sabo a mayar da komai yadda yake a buɗe shago ranar Talata. Buga jerin basussuka a takarda duk ƙarshen wata ma ba ƙauyanci ba ne.

Tambaya daga wani matashi a Kusiri:

Malam, na sayi faifai an rubuta terabait ɗaya a kwalinsa, amma kwamfuta ta nuna gigabait 931. Kuma filashina ya ƙi karɓar wani bidiyo mai gigabait 6 alhali akwai wuri. An cuce ni ne?

Amsa:

Ba a cuce ka ba, ɗana. Masu ƙera faifai suna ƙirga da dubu-dubu, Windows kuma tana ƙirga da 1,024, shi ya sa terabait ɗaya ke fitowa 931. Mudu ne ya bambanta, hatsin yana nan yadda yake. Filashin kuwa an tsara shi da tsohon tsari mai suna FAT32, wanda ba ya karɓar fayil guda da ya kai gigabait 4. A sauya shi zuwa exFAT, amma ka kwashe abin da ke ciki tukuna, domin sauyin yana share komai.

Tambaya daga wani malamin makaranta a Marwa:

Malam, kwamfutata ta fara nauyi, tana daskarewa, kuma ina jin wani ƙas-ƙas a cikinta. Sakamakon ɗalibai na shekara huɗu da hotunan iyalina suna ciki, ba ni da kwafi ko ɗaya. Wani ya ce in sake loda Windows, wani ya ce in cire faifan in sa a firji. Wanne zan bi?

Amsa:

Kada ka bi ko ɗaya, Malam, kuma idan kwamfutar a kunne take yanzu, ka kashe ta. Wannan ƙara yawanci alama ce cewa allurar ta kasa gane inda take, tana kai da komowa, kuma kowane minti da faifan ya ƙara juyawa yana iya ƙara ɓarna. Sake loda Windows rubutu ne mai yawa a kan faifai mara lafiya, kuma yana iya danne abin da kake son ceto. Firji kuwa, faifan da ya fito daga sanyi ya shiga zafin Marwa zai yi raɓa, raɓar kuma ta ƙarasa shi. Kada kuma ka bari kowa ya kwance murfinsa a shago, domin ƙwayar ƙura ɗaya ta fi ratar da ke tsakanin allura da faifai girma nesa ba kusa ba.

Ka tanadi faifan waje tukuna, ka kuma rubuta a takarda abin da ya fi muhimmanci bi da bi, sakamakon ɗalibai a sama, sai hotunan iyali, fina-finai da waƙoƙi kuwa a bar su. Mafi alheri shi ne mai gyara ya cire faifan ya jona shi a wata kwamfutar, ya ɗauki hotonsa, wato cikakken kwafin abin da ke cikinsa, da manhaja irin ddrescue, wadda ke fara kwashe wuraren da ke da lafiya kafin ta koma kan masu ciwo. Daga wannan hoton ake tono fayiloli, ba daga faifan kansa ba, kuma duk abin da aka ceto a wani faifai dabam ake zuba shi. Idan da hali ka zauna a wurin har a gama, domin hotunan iyali ba abin da ake bar wa kowa ba ne. Idan kuwa kwamfutar ta daina ganin faifan kwata-kwata, aikin ya wuce na shago, sai kamfanonin da ke da ɗaki na musamman mara ƙura, kuma kuɗinsu yakan ninka na sabuwar kwamfuta.

Da yawa daga cikin faifai suna nuna alama kafin su kai nan, domin suna riƙe da rahoton lafiyarsu da ake kira SMART, kuma manhajar kyauta mai suna CrystalDiskInfo tana karanta shi, ta nuna zafin faifan da yawan wuraren da suka lalace. Idan ta nuna ruwan ɗorawa, a kwashe kaya a ranar. Amma shuɗin da ke nuna lafiya ba alkawari ba ne, domin wasu suna mutuwa da rahoto mai kyau.

Idan za ka sa sabo, ka sa irin na zamani da ake kira SSD. Ba shi da abin da ke juyawa, ya fi sauri, ya kuma fi jure jijjigar hanya. Sai dai shi ba ya ƙas-ƙas kafin ya mutu, abin da aka goge a cikinsa kuma da wuya a dawo da shi, domin yana share gurbin da kansa ba da jimawa ba. Bayanansa cajin lantarki ne da ke tsiyayewa a hankali idan an ajiye shi babu wuta, kuma ƙa'idar masu ƙera shi ita ce wanda ya tsufa da aiki ya riƙe bayanai shekara ɗaya a zafin digiri 30, zafin da ɗakunan Marwa ke wucewa watanni da dama a shekara. Saboda haka SSD ya zauna a cikin kwamfutar, kwafin da za ka ajiye a akwati kuwa ya kasance a faifai mai juyawa, ka riƙa fito da shi kana sabunta shi duk ƙarshen zangon karatu, ranar da ka gama shigar da sakamako.